Koɗaɗɗe da dusasshe: shin ma'anarsu ɗaya ce idan ana maganar launi?

Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin bayani a kan kalmomi biyu da nake yawan cin karo da su a rubuce da kuma a bakin mutane, wato koɗaɗɗe da dusasshe. Duka biyun ana siffanta launin da ba shi da ƙarfi da su, launin da ba ya ɗaukar ido, amma na lura wasu marubuta suna musanya su yadda suka ga dama, sai a ce koɗaɗɗen kore a sakin layi na farko, a na biyu kuma a ce dusasshen kore, alhali abu ɗaya ake nufi. A jikina ina jin akwai bambanci, sai dai na kasa kama bakin zaren.

Abin da ya sa nake son a tantance mini shi ne, ina rubuta bayanin wasu launukan fentin ɗaki waɗanda da gangan aka haɗa su ba ƙarfi, kamar koren da ya karkata zuwa ruwan toka, da shuɗin da aka kashe masa kaifi har ya zama mai sanyi a ido. Sababbi ne fil, rana ba ta taɓa dukansu ba. Idan na kira su koɗaɗɗu, ina tsoron mai karatu ya ɗauka tsofaffin kaya ne da suka lalace. Idan kuma na kira su dusassu, ban tabbata kalmar ta ɗauki ma'anar da nake so ba. Wacce ce ta dace, kuma a ina ainihin iyakar da ke tsakaninsu take?

Malam Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Bambanci akwai shi, kuma hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a ajiye maganar launi tukuna, a duba sauran wuraren da kowace kalma take shiga. Muna cewa murya ta dushe, fitila ta dushe, idon tsoho ya dushe, har ma wanda aka daina yayinsa mukan ce tauraronsa ya dushe. Ba mai cewa murya ta koɗe ko fitila ta koɗe. A ɗaya ɓangaren kuma muna cewa riga ta koɗe, labule ya koɗe, fentin mota ya koɗe, rubutun tsohuwar takarda ya koɗe, kuma mutumin da ya sha jinya ko wahala akan ce duk ya koɗe. Idan aka jera misalan nan aka dube su, za a ga kowace kalma tana da gidanta.

Dushewa ta shafi ƙarfin abin da yake isowa ga ido ko kunne. Abin yana nan, bai tafi ko'ina ba, amma ba ya isowa da kaifinsa na da, ko don ya yi rauni, ko don wani abu ya shiga tsakani, ko don idon mai kallon ne ya gaza. Koɗewa kuwa asara ce a jikin abin da kansa: akwai rini ko fenti da yake wurin a da, yanzu wani kaso nasa ya tafi, rana ta cinye shi, ko wanki, ko gogayya, ko tsawon zamani. Shi ya sa duk wanda ya ji an ce koɗaɗɗe, nan take zai kawo wa ransa yadda abin yake lokacin da yake sabo, domin kalmar ba ta rabuwa da tarihi.

Akwai kuma bambancin inda kowane launi ya dosa. Launin da ya koɗe yakan nufi fari ne, ko kuma asalin launin ƙyallen kafin a rina shi, sai ya yi haske ya yi fayau. Launin da ya dushe kuwa yakan nufi toka ko duhu, sai ya yi kamar an lulluɓe shi da wani abu. Jan da ya koɗe yana komawa wajen ruwan hoda mai haske, jan da ya dushe kuma yana komawa wajen ruwan ƙasa. Wanda ya sa su gefe da gefe ba zai ce launi ɗaya ba ne, ko da yake duka biyun sun rasa ƙarfin jan da ya ciza.

Kada kuma a manta da nauyin da kalma take ɗauka a zuciyar mai ji. Idan aka ce wa mutum rigarsa koɗaɗɗiya ce, an taɓa shi, domin maganar tana da ƙanshin raini, tana nuna tsufa da rashin sabuwa. Idan aka ce launin rigarsa dusasshe ne, iyaka dai an ce ba ta ɗaukar ido, kuma akwai masu son hakan. Saboda haka a aikin da kika ambata, koɗaɗɗe ba ta da wuri ko kaɗan. Dusasshe ta fi kusa.

Auwal mai zane ya amsa:

Malam Bashir ya yi bayani ta fuskar harshe, ni kuma bari in ƙara ta fuskar masu haɗa launi, domin abin da ya kira inda launi ya dosa abu ne da aka daɗe da aunawa. A shekarar 1905 wani mai zane kuma malamin zane ɗan Amurka, Albert Munsell, ya fitar da tsarin da ya raba kowane launi zuwa siffofi uku da ba su dogara da juna ba. Ta farko ita ce jinsin launin, wato ja ne ko rawaya ko kore ko shuɗi ko shunayya. Ta biyu ita ce haskensa ko duhunsa, wadda ya jera daga 0, baƙi wuluk, zuwa 10, fari fat. Ta uku ita ce ƙarfinsa, wato nisan da ke tsakaninsa da ruwan toka mai haske daidai da nasa. Har yau masana ƙasar noma suna amfani da wannan tsari wajen rubuta launin ƙasa, saboda kalmomin yau da kullum ba sa isarsu.

Idan muka ɗora kalmominmu biyu a kan wannan ma'auni, sai abin ya fito fili. A koɗewa siffofi biyu ne suke motsi tare: ƙarfi yana raguwa, haske kuma yana ƙaruwa. A dushewa ƙarfi ne yake raguwa, haske kuwa ko dai ya tsaya inda yake ko ya yi ƙasa. Wannan ne ya sa mutane suke rikita su, domin a rashin ƙarfi sun yi tarayya, a haske ne suka rabu.

Mai kwamfuta ko waya zai iya gwadawa da kansa a kowace manhajar zane. Allo yana haɗa launi ne da fitilu uku, ja da kore da shuɗi, kowace tana tashi daga 0 zuwa 255. Ja tsantsa shi ne 255, 0, 0. Idan aka bar jan a 255 aka ɗaga sauran biyun zuwa 128, za a sami ruwan hoda mai haske, wanda ya yi kama da jan ƙyallen da rana ta ci. Idan kuwa aka sauke jan zuwa 191 aka ɗaga sauran biyun zuwa 64, za a sami ja mai nauyi wanda ya rasa walƙiyarsa, kuma shi ne abin da zan kira dusasshen ja. A ci gaba da matso da lambobin uku kusa da juna har su haɗu a 128, sai jan ya ɓace gaba ɗaya, a bar mutum da ruwan toka.

A wajen haɗa fenti da hannu ma haka abin yake. Wanda yake son launi ya yi haske yakan zuba fari. Wanda yake son kashe masa ƙarfi ba tare da ya yi fari ba yakan zuba ɗan ruwan toka, ko kuma, abin da ƙwararru suka fi so, ya ɗiga masa kaɗan daga launin da yake kishiyarsa a da'irar launuka: kore a cikin ja, ruwan lemo a cikin shuɗi, shunayya a cikin rawaya. Ni na fi son wannan hanya ta biyu, domin baƙi ko toka sukan kashe launi murus, kishiya kuwa takan rage masa kaifi ta bar shi da rai. Koren da Malama Hadiza ta ambata, mai karkata zuwa toka, da wuya in ba ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan aka samo shi ba. Ba a cire masa komai ba, ƙari ma aka yi masa, don haka kiransa koɗaɗɗe ya saɓa wa yadda aka yi shi.

Hajiya Rabi ta amsa:

Na gamsu da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja a wuri ɗaya, Malam Bashir. Ka ce koɗaɗɗe ba ta rabuwa da tarihi, kamar dai dusasshe ta rabu da shi, alhali ginin kalmomin biyu iri ɗaya ne. Koɗaɗɗe daga koɗe take, dusasshe daga dushe, kamar yadda fasasshe take daga fashe, busasshe kuma daga bushe. Duk siffar da aka gina haka tana nuna abin da wani aiki ya riga ya auku a kansa. Fasasshen tulu ya taɓa zama lafiyayye, busasshen ganye ya taɓa zama ɗanye, saboda haka dusasshen launi ma, in an bi ƙa'ida, ya taɓa yin ƙarfi. Fentin da aka haɗa shi haka tun farko bai dushe ba, haka aka yi shi.

Kuma ba mu rasa hanyar faɗar wannan ba tare da jingina shi ga wani sauyi ba. Muna maimaita sunan launi don nuna cewa bai cika ba: ja-ja, kore-kore, shuɗi-shuɗi, fari-fari, baƙi-baƙi. Muna cewa toka-toka ga abin da ya karkata wajen toka, muna kuma cewa dushi-dushi ga abin da bai fito sosai ba, kuma wannan ta ƙarshe ba ta cewa komai game da jiya, halin yanzu kawai take siffantawa. Da ni ce mai rubutun, da na ce kore mai toka-toka, ko shuɗi mai sanyi, ko launin da bai ciza ba. Sun fi tsawo, amma ba wanda zai karanta su ya yi zaton an sayar masa da tsohon fenti.

Malam Bashir ya sake amsawa:

Gaskiyarki a kan ginin kalma, Hajiya. Abin da kawai zan ƙara shi ne, amfani yakan sassauta ƙa'ida a wata kalma ya ƙi sassauta ta a wata. Mukan ce wane yana da dusasshiyar murya ko da haka aka haife shi, ba mai tambayar yaushe ta dushe. Amma ban taɓa jin an kira sabon yadi koɗaɗɗe ba sai da nufin kushe shi. Don haka dusasshe tana iya zama siffa zalla, koɗaɗɗe kuwa ba ta kai nan ba. Duk da haka, a rubutun da za a yi wa mai saye, shawararki ta fi tawa tsaro.

Malama Zulaihat ta amsa:

Ina so in kawo abin da yake faruwa a jikin kayan, domin a nan ne bambancin yake da amfani fiye da gyaran jimla. Rini yana da launi ne saboda ƙwayoyin sinadarinsa suna shanye wani ɓangare na haske su mayar da sauran ga ido. Hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani wanda ake kira ultrabayolet, yana karya waɗannan ƙwayoyi sannu a hankali, kuma wadda ta karye ta daina aikinta har abada. Bilic ma haka yake yi, sai dai cikin gaggawa. Akwai kuma koɗewar da ba karyewa ba ce, fita ce: yadin da yake zuba a ruwan wanki, ko wandon jins wanda shuninsa yake zaune a bayan zare kawai, cikin zaren fari ne, shi ya sa gwiwa da bakin aljihu suke fara yin fari. A duk waɗannan, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a sake rini.

Masu masaƙu da masu adana kayan tarihi suna auna juriyar launi da wasu ƙyallayen ulu guda takwas da aka rina da shuɗi iri daban-daban, na 1 shi ne mafi saurin koɗewa, na 8 mafi juriya, kuma kowanne yana ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin wanda ya gabace shi kafin ya koɗe. Saboda wannan asara da ba ta da magani ne gidajen tarihi suke rage fitila a ɗakunan da aka ajiye tsofaffin tufafi da zane-zanen takarda.

Misalai biyu sanannu za su nuna iyakar da ake tambaya. Daga 1508 zuwa 1512 Michelangelo, mai zane ɗan ƙasar Italiya, ya yi zane a rufin majami'ar Sistine da ke fadar Vatican, kuma ƙarnuka da dama mutane suna ganin zanen da duhu-duhu, har wasu suka ɗauka haka mai zanen yake son launukansa. Da aka yi aikin tsabtace majami'ar tsakanin 1980 da 1994, aka cire hayaƙin kyandir da ƙura da mannin da masu gyara na baya suka shafa, sai launuka masu ƙarfi suka bayyana, har abin ya jawo muhawara a tsakanin masana. Wannan dushewa ce, launin yana ƙasa, an rufe shi ne kawai. Na biyu shi ne zanen ɗakin kwana da Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holand, ya yi a garin Arles na Faransa a 1888. A wasiƙarsa ga ƙaninsa Theo ya siffanta bangon ɗakin da shunayya mai haske, amma wanda ya kalli zanen yau shuɗi zai gani, domin jan da aka haɗa da shuɗin ba ya jure haske, ya tafi ya bar abokin haɗinsa. Wannan koɗewa ce, kuma ba wankin da zai dawo da ita.

Misalin na biyu yana gyara wani abu a maganar da aka yi a sama, cewa koɗewa fari take nufa. Haka ne idan rini ɗaya ne. Idan launin haɗi ne, ɓangaren da ya fi rauni ne yake fara tafiya, sai jinsin launin ya canza gaba ɗaya. Shi ya sa tsofaffin hotunan talla da suka daɗe a rana suke komawa shuɗi-shuɗi, domin tawadar rawaya da ta ja sun riga ta shuɗi mutuwa.

Ga mai son ya san wanne ne ya sami kayansa, sai ya duba wurin da rana da hannu ba sa kaiwa, kamar cikin kalmasa, ko ƙarƙashin wuyan riga, ko bangon da ke bayan hoton da aka rataye. Sannan ya goge wani ɗan wuri a fili. Idan gogewa ta dawo da launin ya yi daidai da na ɓoye, dushewa ce. Idan an goge tas amma na fili ya fi na ɓoye haske, ya koɗe.

Hadiza ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan bi shawarar Hajiya Rabi a rubutun fentin. Saura tambaya ɗaya: akwai launin da yake da ƙarfi da rana, amma da magariba, ko idan aka ajiye shi kusa da wani launi, sai ya zama kamar ba shi ba, alhali ba abin da ya taɓa shi kuma ba abin da ya rufe shi. Shi ma dushewa za a kira shi?

Auwal mai zane ya sake amsawa:

Dushewa ce, Malama, kuma a nan ne kalmar ta fi zama daram, domin sauyin a ido yake, ba a kaya ba. A cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri na farko su ne masu rarrabe launi, kuma suna bukatar haske sosai. Iri na biyu suna aiki a ƙaramin haske, amma ba sa rarrabe launi, kuma kusan ba sa jin ja. Idan rana ta faɗi, aiki yana komawa hannun na biyun a hankali, sai ja ya riga sauran launuka yin duhu, shuɗi da kore kuma su ɗan daɗe suna fitowa. Jan Purkinje, masanin aikin jiki daga ƙasar Cek, shi ne ya bayyana wannan a farkon ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiran abin har yau.

Batun maƙwabtaka kuwa, Michel Eugène Chevreul ne ya yi masa bayani. Masanin sinadarai ne da aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Paris a 1824, inda ake ta ƙorafin cewa wasu zaruruwa, musamman baƙaƙe, ba su da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa a gefensu ne suke canza yadda ido yake ganinsu, kuma ya wallafa sakamakon a 1839. Launi matsakaici yakan dushe idan aka sa shi kusa da ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi, ya kuma farfaɗo idan aka sa shi kusa da toka ko kusa da kishiyarsa.

Wannan ya shafi aikinki kai tsaye. Koren nan mai toka-toka zai fito kore sosai a gefen farin bango ko jan labule, amma a gefen kore mai ƙarfi zai koma kamar toka zalla. Yana da kyau bayanin ya gaya wa mai saye ya shafa kaɗan a bangon da zai yi wa fentin, ya bari ya bushe, domin ɗanyen fenti da busasshe ba sa zama launi ɗaya, sannan ya dube shi da hantsi, ya sake dubawa da dare a ƙarƙashin fitilar da ɗakin yake amfani da ita, kafin ya sayi na ɗakin duka.